Tsara Hasken Ɗakunan Gida Tun Kafin a Ja Waya

A yawancin gidaje tsarin haske bai wuce wannan ba: mai aikin wuta ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya gano tsakiyar silin, ya fito da waya a nan, a ɗaura kwai guda. Falo haka, kicin haka, ɗakin kwana ma haka. Sai an tare sannan illar ta fara bayyana. Mai girki ta tsaya tana aiki, fitila a bayanta, inuwar jikinta ta faɗa daidai kan abin da take yankawa. Mai karatu a kan kujera ya yi ta karkata littafi yana neman haske. Wanda ya kwanta rigingine kuma, kwan yana cikin idonsa. Abin da aka saba yi shi ne a sayo kwai mafi ƙarfi, sai inuwar ta ƙara duhu, idon ya ƙara shan wahala. Inda hasken yake fitowa ne ya kamata a gyara.

Tun ran gini ran zane. Lokacin da ya dace a yanke shawara kan fitilu shi ne kafin a binne bututun waya a bango, kafin filasta da silin. Ka ɗauki takardar zanen gidan, ka zana kayan ɗaki a inda za su zauna: gado, kujeru, talabijin, teburin cin abinci, madubi, wadrob, murhu, wurin wanke-wanke. Ka nuna ɓangaren da kowace ƙofa take buɗewa, domin kada makunni ya ɓuya a bayanta. Ka sa alamar fankar sama. Sannan a kowane ɗaki ka tambayi kanka abin da ake yi a nan, a wane wuri, da wane lokaci. Fitila tana bin aiki ne, shi ya sa kujera ke riga kwai hawa takarda.

Lambobi uku a jikin kwali

Mutane sun saba auna kwai da wat, alhali wat wutar da kwan yake ci ce kawai. Hasken da yake bayarwa ana auna shi da lumen. A zamanin kwai mai zare, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, wat da haske suna tafiya tare, shi ya sa al'adar ta zauna. Kwan LED ya raba su. Tsohon kwai mai wat 40 yana ba da lumen 450 ko kusa da haka, mai wat 60 kimanin 800, mai wat 100 kimanin 1,500 zuwa 1,600. Kwan LED mai wat 8 zuwa 10 yana ba da wannan 800 ɗin. Kwalin da ya rubuta wat da manyan baƙaƙe amma bai faɗi lumen ba, a yi hattara da shi.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin K, wato kelbin, kuma launin hasken take nunawa. Abin ya zo a juye: ƙaramar lamba ita ce haske mai ɗumi mai ruwan ɗorawa, babba ita ce fari mai shuɗi-shuɗi. Harshen kyandir bai kai 2,000 ba. Tsohon kwai mai zare yana wajen 2,700. Na 3,000 ya ɗan fi shi fari, na 4,000 fari ne tsaka-tsaki, na 6,500 kuwa shi ne farin nan mai sanyi da ake rubuta wa hasken rana. Mutane da yawa suna zaɓar 6,500 saboda ido yana ganin kamar ya fi haske. A shago ko wurin sana'a yana da amfaninsa. A falo da daddare kuwa yana sa fuska ta koɗe, katako ya yi toka-toka, ɗakin ya koma kamar ɗakin jira na asibiti.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa. Ana rubuta ta CRI ko Ra, tana tsayawa a 100, tana nuna yadda kwan yake fito da launukan abubuwa na gaskiya. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai juya wani ɓangare na shuɗin zuwa rawaya. Gano wannan shuɗin LED ɗin ne ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Idan aka yi rowar sinadarin, ja ba ya fita sosai, sai ka ga tufafi masu launi biyu sun zama iri ɗaya a cikin wadrob, ka fita waje ka tarar sun bambanta. Kada a sauka ƙasa da 80 ko'ina a gida. A kicin, gaban madubi da wurin zaɓen kaya, a nemi 90 zuwa sama.

Nawa ne ya isa?

Hasken da ya sauka a kan wuri ana auna shi da luks, kuma luks ɗaya lumen ɗaya ne a kan murabba'in mita ɗaya. Falo da ɗakin kwana suna son luks 100 zuwa 150 na gaba ɗaya. Baranda ta cikin gida da matakala kimanin 100 zuwa 150. Kicin da banɗaki 200 zuwa 300. Wurin da ido yake aiki sosai, kamar teburin karatu, wurin ɗinki ko wurin yanke-yanke, a nufi 500, adadin da ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 ta sa wa teburin rubutu a ofis.

Ga lissafin. Falo mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ke nan. Ka ninka da 150, ka sami lumen 3,000. To amma wannan shi ne abin da ake so ya iso ƙasa. Kusan rabin abin da kwai ya fitar yana salwanta a hanya: murfin fitila ya ci nasa, bango ya sha nasa, ƙura ta rage, kwan ma yana dusashewa da tsufa. Don haka ka ninka biyu, ya zama 6,000, wato ƙwayaye bakwai ko takwas masu lumen 800. Fenti yana da babban tasiri a nan. Farin bango yana maido da kashi 70 zuwa 80 na hasken da ya same shi, bango mai duhu ba ya maido da abin da ya wuce kashi 10 zuwa 20. Ɗakin da aka yi wa fenti mai duhu da labule masu kauri zai nemi ƙari mai yawa. Haka ma gidan da ke da tsoho, domin idon ɗan shekara 60 yana buƙatar ninki biyu ko fiye na abin da ya ishi matashi kafin ya karanta rubutu ɗaya.

Wannan 6,000 ɗin ba a zuba shi a fitila ɗaya, ba a kuma ɗaura shi a makunni ɗaya. Ana raba shi gida uku: hasken gaba ɗaya da ke hana mutum tuntuɓe, hasken aiki da ake kai wa daidai inda hannu da ido suke, da hasken ado da ake haska bango ko hoto ko shuka da shi. Dalilin kusanto da hasken aiki lissafi ne mai sauƙi. In ka ninka nisa biyu, hasken da ke isowa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙaramar fitila mai lumen 400 a nisan rabin mita daga littafi ta fi babban kwai da ke can silin amfani.

Falo

Falo shi ne ɗakin da ya fi kowane yawan fuska. A nan ake karɓar baƙi, a nan ake kallo, a nan yara ke aikin makaranta, a nan ake shara da safe. Haske ɗaya ba zai iya duka ba, saboda haka a raba fitilunsa a kan makunni uku aƙalla, launinsu kuma 2,700 ko 3,000, duka iri ɗaya. Haɗa mai ɗumi da fari mai sanyi a silin ɗaya yana sa ɗayan ya yi kamar ya yi datti.

Fitilun da ake binnewa cikin silin su ne aka fi yin kuskure da su. Ana jera su layi-layi a tsakiyar ɗaki, sai ƙasa ta yi haske, bango ya yi duhu, wanda ke zaune a ƙarƙashinsu kuma inuwa ta cika masa kwarmin ido. Ido yana auna hasken ɗaki ne da abin da yake fuskanta, wato bango. In ka haska bango, ɗakin zai yi fili ko da lumen ɗin bai ƙaru ba. A ja layin farko santimita 60 zuwa 90 daga bango. Tazarar da ke tsakaninsu ta zama kusan rabin tsayin silin, wato mita 1.2 zuwa 1.5 a silin mai mita 3. A duba faɗin hasken da aka rubuta da digiri. Mai digiri 36 daga silin mai mita 3 yana zana da'ira mai faɗin kusan mita 2 a ƙasa, mai digiri 60 kuma kusan mita 3 da rabi. Siririn na ado ne, mai faɗin na gaba ɗaya. A zaɓi wanda kwansa ya shige ciki kaɗan, domin wanda yake daidai da fuskar silin yana kashe ido daga kowace kusurwa.

Fanka tana da nata sharaɗi. Duk fitilar da ta kasance sama da fikafikanta, in fankar ta juya hasken zai riƙa yankewa yana dawowa, ɗakin ya yi ta walƙiya har kai ya yi ciwo. A fitar da fitilun daga da'irar fikafikan, a bar aƙalla santimita 60 daga bakinsu.

Hoton bango ana haska shi a karkace, kimanin digiri 30 daga tsaye. A silin mai mita 3, in tsakiyar hoton yana mita 1.5 daga ƙasa, fitilar za ta zauna kusan santimita 85 daga bangon. In ta matsa kusa, firam ɗin zai jefa inuwa a kan hoton. In ta yi nisa, gilashin zai maido da hasken cikin idon mai kallo. Talabijin kuwa ba ya son fitila a gabansa, ba ya kuma son duhu ƙirin. Ɗan haske mai laushi a bayansa, yana bugun bango, yana rage gajiyar ido. Sai a bar soket kusa da kujerar karatu domin fitilar tsaye, bakin murfinta na ƙasa ya zo daidai da idon wanda ke zaune.

Kicin

A nan kuskuren kwai ɗaya a tsakiya ya fi haɗari, saboda wuƙa da wuta. Teburin aikin kicin yana manne da bango, zurfinsa kusan santimita 60, mai aiki kuma tana fuskantar bangon. Duk hasken da ya fito daga tsakiyar ɗaki bayanta zai bugo. Maganin hanya biyu ne, kuma gara a haɗa su. Na farko, fitilun silin su zauna daidai saman bakin teburin, wato santimita 60 daga bango, yadda hasken zai sauka tsakanin mai aiki da kabad ɗin sama. Na biyu, a sa fitila mai tsawo a ƙarƙashin kabad ɗin sama, mai ba da lumen 600 zuwa 1,000 a kowace mita. A manna ta can gaba kusa da bakin kabad ɗin. In aka tura ta ciki jikin bango, tayil kawai za ta haska, in kuma teburin mai sheƙi ne, ɗigo-ɗigon ƙwayayen za su riƙa bayyana a kansa. Murfi mai hazo-hazo yana kawar da wannan.

Wurin wanke-wanke yana son fitilarsa a samansa. Launin da ya dace da kicin 3,000 zuwa 4,000 ne. In kicin ɗin a buɗe yake da falo, a daidaita su a 3,000 domin kada bambancin ya fito. Tururi da maiƙo suna taruwa a kan fitila, don haka a guji masu ado da lunguna da yawa, a ɗauki rufaffiya mai santsi da tsumma zai goge.

Fitilar da ake rataya a saman teburin cin abinci ta sauko santimita 75 zuwa 90 daga fuskar teburin, faɗinta kada ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na faɗinsa. Ana auna wurinta da tsakiyar teburi, wanda sau da yawa ba shi ne tsakiyar ɗaki ba.

Ɗakin kwana

Mutum a kwance silin yake kallo, saboda haka kada a sa fitila mai buɗaɗɗen kwai a saman matashi. Hasken gaba ɗaya ya fito daga fitila mai murfi, ko daga ɓoyayyen layi da ke bugun silin ya dawo. In za a yi ɓoyayyen, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsa da silin, in ba haka ba siririn layi mai ƙarfi kawai za a gani. Kowane gefen gado ya sami fitilarsa da makunninsa, mai lumen 300 zuwa 450, domin mai karatu kada ya tashi mai barci. Babbar fitilar a yi mata makunni biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a inda hannu zai kai daga kan gado. Launin ya tsaya a 2,700. Haske mai ƙarfi mai shuɗi da daddare yana danne sinadarin melatonin da jiki ke saki domin shirin barci. Gaban wadrob kuma a sa fitila santimita 40 zuwa 60 daga ƙofofinsa, ta haska cikinsa. A ɗakin yara a guji fitilar tebur da za a iya jawowa da wayarta, a ƙara ɗan ƙaramin haske na dare can ƙasa kusa da ƙofa.

Teburin karatu doka ɗaya gare shi: mai rubutu da hannun dama fitilarsa ta zo daga hagu, bahago kuma daga dama. Kada a bar sauran ɗakin cikin duhu, domin ido yana gajiya da tsalle tsakanin takarda mai haske da bango baƙi.

Banɗaki

Madubi ba ya buƙatar haske, fuskar da ke gabansa ce ke buƙata. Fitilar da ke saman kai tana jefa inuwa ƙarƙashin ido da hanci da haɓa, wuraren da mai aski ko mai kwalliya yake son gani. A sa biyu, hagu da dama na madubin, a tsayin ido, wajen santimita 150 zuwa 165 daga ƙasa. In babu wuri, a sa mai tsawo a saman madubin, mai murfi, tana fuskantar mutum.

Batun ruwa kuwa ba na ado ba ne. A jikin fitila akwai harafin IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IP20 ba ta da kariyar ruwa ko kaɗan. IP44 tana jure fantsama, IP65 tana jure feshi, IP67 tana jure nutsewa na ɗan lokaci. Ƙa'idojin aikin wuta sun raba banɗaki shiyya-shiyya. Cikin kwamin wanka kansa sai IP67 mai ƙaramin ƙarfi, bolt 12. Saman wurin wanka har zuwa tsayin mita 2.25, da kuma santimita 60 a kewayensa, mafi ƙaranci IP44, kodayake a ƙarƙashin shawa IP65 ta fi kwanciyar hankali. Makunnin ya fi dacewa a waje, kuma layin ya bi ta na'urar da ke yanke wuta in ta zurara, mai miliamfa 30.

Matakala da baranda

Makunni a sama, makunni a ƙasa. In akwai hawa na uku ko ƙofa a tsakiya, akwai makunnin tsakani da ake sakawa. Hasken ya zo ta yadda bakin kowace taka zai fito da 'yar inuwarsa, kada kuma ya bugi idon mai saukowa. A tuna da ranar canza kwai: fitilar da aka rataya a saman ramin bene, inda tsani ba shi da wurin tsayawa, in ta mutu haka za ta zauna. Na jikin bango sun fi sauƙi.

Abubuwan da ke lalacewa

Kwali zai ce awa 15,000 ko 25,000, kwan ya mutu cikin watanni. Galibi ƙwayar hasken lafiyarta ƙalau, ɗan allon da ke daidaita mata wuta, wanda masu sana'a ke kira direba, shi ne zafi ya kashe. Hakan na faruwa in an kulle kwai cikin murfin da iska ba ta shiga, ko an danne bayan fitilar silin da abin hana zafi. Wutar da ke hawa da sauka ma tana cin direba, kuma mai araha ne ke fara tafiya. Araha ba ta ado. Wannan ya sa fitilar da ake iya cire kwanta, mai mazaunin E27 ko B22 ko GU10, wato lambobin da ke nuna irin gindin kwan, ta fi wadda aka haɗe ta gaba ɗaya sauƙin sha'ani. In za ka sayi haɗaɗɗun, ka ƙara biyu ko uku ka ajiye, domin bayan shekara biyu da wuya ka sami mai girma da launi iri ɗaya.

Kwan da ke ci gaba da ɗan haske bayan an kashe shi sau da yawa yana nuna ɗayan biyu. Ko makunnin yana da ɗan ƙaramin haske a jikinsa da ke barin wuta kaɗan ta wuce, ko kuma an sa makunnin a kan wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, maimakon wadda ke kawo wutar. Na biyun haɗari ne, domin mazaunin kwan yana da wuta ko a kashe yake, mai canza kwai yana iya taɓawa. A kira mai aikin wuta ya gyara.

Makunnin rage haske yana aiki ne kawai da kwan da aka rubuta a kwalinsa cewa ana iya rage shi, shi ma makunnin ya zama wanda aka yi domin LED. Tsohon nau'in yana buƙatar nauyin wat mai yawa kafin ya daidaita, sai ka ji ƙara kamar ta ƙuda, hasken yana rawa. Akwai kuma rawar da ido ba ya kamawa amma kai yana ji. Ka ɗauki bidiyon kwan da waya a yanayin tafiyar hawainiya, in ka ga layuka suna gudu ko hoton yana ƙiftawa, a canza shi.

Fitilar LED mai kama da igiya tana aiki da bolt 12 ko 24. Mai bolt 12 in ta wuce mita 5 a jere, ƙarshenta yana dusashewa, sai a ba ta wuta ta kai biyu ko a koma mai 24. Ana lissafa akwatin wutarta haka: igiya mai wat 14.4 a mita, tsawon mita 5, wat 72 ke nan, a ƙara kashi 20 cikin 100 na sarari, a ɗauki mai wat 100. A manna ta a cikin kwarin alminiyom domin ya kwashe zafi, akwatin kuma a ajiye shi inda hannu zai kai ba tare da an fasa silin ba. Tun ana jan waya a sa mai aikin ya kai nutural cikin kowane akwatin makunni, domin yawancin makunnan da ake sarrafawa da wayar hannu ba sa aiki sai da ita, kuma jawo ta bayan an yi fenti sai an sassaƙe bango.